Darasi: Idan Fuskar Waya Ta Sauya Ba Sanarwa

'Yan'uwa manoma, a wannan wata za mu jingine fartanya kaɗan mu ɗauki wayar hannu, gama ita ma ta shiga cikin kayan aikin ƙungiya. Da ita magatakarda yake kiran taro. Da ita ma'aji yake karɓar kuɗin wata, yake kuma biyan dillalin taki. Da ita muke jin farashin masara a Saminaka ko a Dawanau tun ba mu ɗinke bakin buhu ba. Tun ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023, har waɗanda suka ce ba za su taɓa aika kuɗi ta waya ba sun koya, ko suna so ko ba sa so.

Kukan da muke yawan ji a wurin taro shi ne wannan. Mutum ya sha wahala ya koyi inda zai taɓa, yatsansa ya saba, sai wata safiya ya buɗe waya ya tarar abin ba ya nan. Maɓallin da yake sama ya koma ƙasa. Launi ya sauya. Wata alama da bai taɓa gani ba ta zo ta zauna a gefen fuska. Ya kai wa maƙwabcinsa, sai ya ga ta maƙwabcin tana nan yadda take jiya, alhali kuwa iri ɗaya ce, a shago ɗaya aka saya. Daga nan sai zargi. Wani ya ce jikoki ne suka yi wasa da ita, wani ya ce mai caji ne ya taɓa, wani kuwa ya ce ɓarayi sun shiga. Sau da yawa ba ko ɗaya cikin ukun nan. Masu manhajar ne suka sauya ta daga nesa, da gangan kuwa suka yi wa waɗansu kafin waɗansu.

Wajibi ne mu gane wannan sosai, gama wanda bai san dalilin sauyin ba yana tsakanin ramuka biyu. Ko ya firgita ya taɓa abin da bai kamata ba, kuɗin ƙungiya su tafi inda ba a nufa ba. Ko kuwa ya saba da sauyi har ya daina tambaya, ran da macuci ya zo masa da sunan "sabon tsari" sai ya buɗe masa ƙofa da hannunsa.

Gonar gwaji

Manhaja ita ce kowane ɗaya daga cikin abubuwan nan da muke buɗewa a cikin waya don yin wani aiki, kamar su WhatsApp da Facebook da ta banki. Kowace tana da masu ita, kuma ba su gama aikinta ba ran da muka sa ta a waya. Kullum suna cikin gyara. Wani gyaran na toshe kafar ɓarawo ne, wani na ƙara sabon aiki ne, wani kuwa, mu faɗi gaskiya, don kamfani ya ƙara samun riba ne. Idan sun tara gyare-gyare sai su aiko da su ta intanet. Wannan shi ake kira sabuntawa.

To, me ya sa ba ta zo wa kowa rana ɗaya? Bari mu tuna da abin da malamin gona yake yi idan an kawo sabon irin masara. Ba ya cewa dukan gari su zubar da nasu su shuka sabon. Yakan yanki 'yan kunyoyi a bakin hanya ya shuka, a zuba ido a gani. In ya yi kyau, baɗi a ƙara fili. In ya ƙi, asarar kunya biyar ce, ba ta gari duka ba. Masu manhaja ma haka suke yi, sai dai mu ne kunyoyinsu.

Kamfanin Apple, mai wayar iPhone, yana da tsari na kwana 7 wanda mai manhaja zai iya zaɓa. A rana ta fari sabuntawar takan kai ga kashi 1 cikin 100 na waɗanda wayarsu take sabunta kanta. Rana ta biyu kashi 2, ta uku kashi 5, ta huɗu kashi 10, ta biyar kashi 20, ta shida kashi 50, sai a rana ta bakwai ta kai ga kowa. Idan aka ga ɓarna a hanya, mai manhajar yana iya tsayar da ita. Yawancinmu wayar Android muke riƙewa, wadda take ɗauko manhaja daga Play Store na kamfanin Google. A can mai manhaja ne da kansa yake yanke kashi nawa zai fara da su, ya ƙara sa'ad da ya ga dama, ko ya dakatar. Ba a duban girma ko shekaru wajen zaɓen waɗanda za su fara samu. Kamar ƙuri'a ce. Saboda haka yaro yana iya samun sabuwar fuska mako biyu kafin shugaban ƙungiya, ba raini a ciki.

Wani lokaci kuma da ƙasa-ƙasa suke bi. Tashoshin watsa labari na cikin WhatsApp, a Kolombiya da Singafo aka fara buɗe su a watan Yuni na 2023, sai a watan Satumba suka kai ga ƙasashe fiye da 150.

Kada mu ga laifinsu a kan wannan bi-a-hankali, gama an ga abin da rashinsa ya jawo. Ran 19 ga Yuli, 2024, wani kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya aika da sabuntawa mai kuskure ga abokan cinikinsa gaba ɗaya. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta kwamfutoci wajen miliyan 8 da rabi ne suka tsaya cik. Jiragen sama suka kasa tashi, aiki ya tsaya a bankuna da asibitoci a ƙasashe da yawa. Bayan haka kamfanin ya yi alkawari zai riƙa sakin irin wannan sabuntawa kashi-kashi. Ashe rikicewar da muke yi idan wayoyinmu suka bambanta, ita ce kuɗin da muke biya don kada dukanmu mu faɗa rami ɗaya rana ɗaya.

"Ai ni ban sauke kome ba"

Wannan magana muna jinta ƙwarai, mai faɗarta kuwa yakan zama da gaskiya. Abu na fari, yawancin wayoyi an saita su su sabunta manhaja da kansu idan sun sami intanet, ko da mai waya yana barci. Abu na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Masu manhaja sukan sa sabon abu a cikinta tun da wuri, amma su bar shi a kulle, kamar magini da ya gina ɗaki a cikin gidanka ya tafi da mabuɗin. Ran da suka shirya, daga can inda suke sai su buɗe wa waɗanda suka zaɓa. Don haka mutum biyu suna iya riƙe manhaja ɗaya, mai lamba ɗaya, amma fuskarta dabam.

Har wa yau sukan raba mutane gida biyu, su nuna wa waɗannan maɓalli a dama, waɗancan a hagu, su ƙirga wanne aka fi taɓawa. A 2009 aka ji labarin Google ya gwada launin shuɗi iri 41 don ya ga wanda mutane suka fi bi. Mu da muke kwana muna gardama a kan irin dawa biyu, sai mu san akwai waɗanda suka fi mu. Abin lura a nan shi ne, fuskar da ka gani yau tana iya zama ta gwaji ce kawai, gobe ta koma yadda take. Ba wayarka ce take da aljanu ba.

Sa'an nan ga bambancin wayoyin kansu. Tecno da Infinix da itel duka na kamfani ɗaya ne, wato Transsion, duk da haka ba shiri ɗaya aka yi wa fuskokinsu ba. Samsung ma da nata shirin. Tsohuwar waya kuwa akwai ranar da ake barinta a baya. Daga ran 24 ga Oktoba, 2023, WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai na 5 ba. Wanda irin wannan ta same shi, ba gyaran da mai gyara zai yi masa, kada ya ɓata kuɗinsa.

Rumfa ce ta tashi, hatsi yana nan

Bari mu dubi sauye-sauyen da yawancinmu muka gani da idonmu. A 2023, wurin da muke kallon hotunan da 'yan'uwa suke ɗorawa na kwana ɗaya a WhatsApp, wanda aka rubuta wa "Status", ya koma ƙarƙashin sabon suna, "Updates", aka gwama shi da tashoshin nan. A 2024 jerin sunayen da yake saman fuska a wayar Android, inda ake zaɓen hira ko kira, ya sauko ƙasa, wai don babban yatsa ya fi saurin kaiwa. A watan Afrilu na 2024 kuma aka kawo Meta AI Nijeriya da Gana, wani zobe mai launin shuɗi ya bayyana, mutane da dama suka ɗauka alama ce ta an shiga wayarsu. Na'ura ce mai amsa tambaya, wanda ba ya bukatarta sai ya ƙyale ta.

Masu ƙaramar waya mai maɓallai ma ba su tsira ba, ko da yake nasu ba sabuntawar manhaja ba ce. A 2023 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta haɗa gajerun lambobin dukan layuka suka zama ɗaya: *310# don duba sauran kuɗi, *311 don sa kati, *312# don sayen data, 300 don kiran ma'aikatan layi. Mai layin MTN da ya shekara da shekaru yana danna *556# sai da ya sake koyo. An bar tsohuwar lamba da sabuwa suka yi tafiya tare na ɗan lokaci kafin a rufe tsohuwar.

A dukan waɗannan, me ya ɓace? Hira tana nan. Kira yana nan. Kuɗin da yake cikin layi ba wanda ya taɓa su. Abin ya yi kama da ran da sarkin kasuwa ya tashi 'yan hatsi daga bakin tasha ya mai da su bayan rumfar mahauta. Wanda ya san kasuwa da ƙafa kaɗai, wato taku ashirin ka juya dama, zai tsaya a tsohon wuri yana cewa an daina sayar da hatsi. Wanda ya san abin da ya zo nema, sai ya ɗaga kai ya nemi buhuna da mudu, ko ya tambaya, gama matambayi ba ya ɓata.

A nan ne muke ganin gyara ya kama mu a yadda muke koya wa juna. Yawancin koyarwar waya a ƙauyukanmu ta wuri ce: "Taɓa can sama a dama, sa'an nan na uku daga ƙasa." Wannan koyarwa tana da sauri, amma ba ta da tsawon rai. Ran da aka matsar da maɓallin, ilimin ya mutu. Gara mu koyar da sunan aikin da kuma alamarsa, gama alamu sun fi wurare daɗewa. Makirfo, ko'ina aka kai shi, na ɗaukar murya ne. Gilashi mai mariƙi na nema ne. Ɗigo uku a jere, ko layi uku, suna nufin akwai sauran abubuwa a ɓoye a nan. Ƙafar inji mai haƙora ita ce wurin saiti. Ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan na maƙale takardu, ko alamar tarawa, na haɗa hoto ko takarda ne da saƙo. Kwandon shara na sharewa ne, a yi hankali da shi. Ko wanda bai yi makaranta ba yana iya riƙe waɗannan, yadda yake riƙe tambarin buhun taki na gaske.

Gilashin nan mai mariƙi ya isa a daɗe a kansa. A cikin saitin yawancin wayoyin Android yana nan a sama. Maimakon mutum ya yi ta hawa da sauka yana neman inda aka kai abu, sai ya taɓa gilashin ya rubuta sunan abin, waya ta kai shi. A WhatsApp ma haka: sunan zauren ƙungiya, ko kalma ɗaya daga cikin saƙon da ake nema, kamar "taki", ta isa.

Matasanmu kuwa muna roƙonku abu ɗaya. Idan dattijo ya miƙo waya ya ce, "Ɗana, duba mini, abin nan ya gudu," kada ku karɓa ku danna da sauri ku mayar. Ku bar ta a hannunsa ku ce, "Baba, me kuke so ku yi? Murya za ku aika? To, ku nemo makirfo, yana nan bai tafi ba." In ya gano da idonsa sau ɗaya, wani sauyin ba zai sa ya taka zuwa gidanku da dare ba. Idan kuma ta waya ake taimakon, a fara da tambaya, "Mama, me kuke gani a fuskar yanzu?" Gama mai yiwuwa abin da yake gabanka ba shi ne a gabanta ba, kana cewa sama, ita kuwa nata ya riga ya koma ƙasa.

Ma'aji da kuɗin jama'a

Sauyin fuskar WhatsApp ɓacin rai ne kawai. Sauyin fuskar manhajar banki, ko ta su OPay da Moniepoint da PalmPay, wannan yana iya zama asara. Hatsarin yana cikin sabo. Yatsan da ya aika kuɗi sau ɗari ba ya jiran ido kuma. Idan aka sake jera sunayen waɗanda aka saba aika wa, ko aka sa maɓallin karɓar bashi a inda na aikawa yake a dā, yatsa zai tafi tsohon wurinsa. Kuɗin da suka shiga asusun wani bisa kuskure kuwa, dawo da su doguwar tafiya ce, da zirga-zirga zuwa banki, wani lokaci har kotu, damina kuwa ba ta jira.

Kome aka yi wa fuska, akwai abin da ba ya sauyawa a aikin aika kuɗi. Lambar asusun banki a Nijeriya guda 10 ce. Idan an rubuta ta an zaɓi banki, sunan mai asusun yakan fito. Bayan haka adadin kuɗi, lambar sirri kuwa ita ce ta ƙarshe. Muddin ba a sa lambar sirri ba, kuɗi ba su tashi ba, ana iya komawa baya ba tare da asarar kwabo ba. Saboda haka shawararmu ga kowane ma'aji ita ce, ran da ya ga fuska ta sauya, ya karanta sunan da adadin da babbar murya, wani ɗan kwamiti yana tsaye yana dubawa, kafin ya sa lambar sirri. Ɗan kwamitin ya kau da kai sa'ad da ake sa ta. Idan kuɗin masu yawa ne, a fara aika ɗan kaɗan, mai karɓa ya tabbatar sun shiga, sa'an nan a aika sauran. Ladan aikawa sau biyu bai kai kuɗin buhu ɗaya ba.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar biyan kuɗin taki, ko ranar rabon kuɗin amfanin gona, ba ranar koyon sabuwar fuska ba ce. Ma'aji ya buɗe manhajar kwana biyu ko uku kafin ranar, a inda sabis yake da ƙarfi. In tana neman sabuntawa ya yi tun a lokacin, ya zagaya cikinta ya ga inda aka kai kome. Wannan ya zama dole, gama manhajar banki takan ƙi buɗewa sam sai an sabunta ta, ba abin da ya fi ciwo kamar a tarar da haka a gaban motar taki, ga sabis sanda ɗaya, ga data ta kusa ƙarewa.

A cikin saitin Play Store akwai wurin da mutum zai zaɓa: waya ta sabunta manhaja da kowace irin intanet, ko sai ta sami Wi-Fi, ko kuwa kada ta sabunta sai an umarce ta. Ga wayar da take riƙe da kuɗin ƙungiya, muna ganin ba laifi a zaɓi na ukun, amma da sharaɗi: a sa rana, a ce ranar kasuwa ta farkon kowane wata, a sabunta duka da hannu. Wanda ya san ba zai tuna ba, gara ya bar ta tana yi da kanta. A sani kuma wannan ba zai hana sauyin nan da ake buɗewa daga nesa ba.

Littafin ƙungiya kuma kada a yar da shi. Kowane kuɗi da suka shiga ko suka fita ta waya, a rubuta a takarda a ranar, da kwanan wata da sunan mai karɓa. Littafi ba ya sauya fuska da dare.

Kada kuma a ƙi sabuntawa

Akwai 'yan'uwa da suka gaji, suka ce su ba za su ƙara sabunta kome ba har waya ta mutu. Mun gane gajiyarsu, amma ba mu goyi bayansu ba. Sabuwar fuska da gyaran kafar ɓarawo a buhu ɗaya suke zuwa, ba a karɓar ɗaya a bar ɗaya. A watan Maris na 2017 Microsoft ya fitar da gyaran wata kafa a Windows. Da yawa ba su sa gyaran ba. A watan Mayu wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wannan kafa ta kulle kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa mai da marasa lafiya gida. Maganin yana nan wata biyu kafin cutar. A watan Mayu na 2019 kuma WhatsApp ya roƙi dukan masu amfani da shi su sabunta, domin an gano ana iya shiga waya ta hanyar kira kawai, ko ba a amsa ba.

Wata hanyar da ake bi don guje wa sauyi ita ce karɓar tsohuwar manhaja daga wayar aboki ta Xender, ko sa irin su GB WhatsApp a wurin mai caji, don an ce ta fi ado. Waɗannan ba daga kamfanin suke ba. Ba mu san wanda ya taɓa cikinsu ba, kamfanin WhatsApp kuwa ya yi gargaɗi yana iya rufe lambar mai amfani da su. Wayar da take da manhajar banki a ciki, kada a sa mata irin wannan ko kusa.

Sauyin gaskiya da na ɓarawo

Yanzu mun zo ga ramin nan na biyu. Macuta sun san mun saba da ganin sabon abu, sun san kuma mun san wani yakan samu kafin wani. Da wannan suke farauta. Tun 2016 ake yawo da saƙon wai akwai "WhatsApp Gold" ta manyan mutane, a taɓa nan a samu. Ƙarya ce. Wani zai kira ya ce daga banki yake, ana sabunta tsari, za a rufe asusunka yau in ba ka faɗi lambar BVN da lambar da aka turo maka ba. Wanda ya fi cin zaurukan ƙungiyoyi irin namu shi ne mai kiran da zai ambaci sunan zauren daidai, ya gaishe ka da ladabi, ya ce an koma sabon tsarin taro ta waya, an turo maka lamba 6, ka karanto masa don a sa sunanka. Lambar nan mabuɗin WhatsApp ɗinka ce. Da ka faɗa, ya ɗauke, ya shiga aika wa 'yan ƙungiya saƙo da sunanka da hotonka, wai kana asibiti a taimaka. Idan lambar magatakarda ce ko ta shugaba, mutane za su aika, gama sun amince da shi.

Bambancin ba shi da wuyar ganewa idan an natsu. Sabuntawa ta gaskiya daga Play Store take zuwa, ko daga cikin saitin wayar, ko kuwa ka tarar da ita ta riga ta zauna. Ba ta kiran mutum a waya. Ba ta zuwa ta hanyar shuɗin rubutu da aka turo a zaure a ce a taɓa. Ba a biyan kuɗi dominta. Manhajar banki tana iya neman ka sake shiga da kalmar sirrinka a cikinta bayan sabuntawa, wannan daidai ne, amma ba ma'aikacin banki na gaskiya da zai ce ka karanta masa lambar sirri ko lambar da aka turo maka. Sauyin gaskiya kuma ba ya yi maka tsawa. Duk inda aka ce "yanzu-yanzu, in ba haka ba a rufe", sai a ajiye waya a sha ruwa tukuna. In ana shakka, a je reshen banki da ƙafa, ko a kira lambar da take bayan katin cirar kuɗi, ba lambar da ta kira ka ba.

Tun 2017 WhatsApp ya ba kowa damar sa kuba ta biyu, wato lambar sirri guda 6 wadda mutum yake zaɓa da kansa a cikin saiti, a sashen asusu. Wanda ya sa ta, ko an yaudare shi ya faɗi lambar da aka turo, ɓarawon zai tarar da wata ƙofa a kulle. Muna so kowane shugaba da magatakarda da ma'aji, na maza da na mata, su sa ta kafin taro mai zuwa.

Aikin da za a yi a taro

Bayan an karanta wannan darasi, masu manyan wayoyi su jera su a kan benci, kowa ya buɗe WhatsApp. A duba a gani: wayoyi nawa ne fuskarsu ta zama ɗaya, nawa ne suka bambanta, a ina kuma? Sa'an nan a ba wanda bai saba ba wayar da ba tasa ba, a ce ya nemo makirfo, ya nemo gilashin nema, ya nemo wurin saiti, kada kowa ya nuna masa da yatsa. Mata su yi nasu, kada maza su karɓe musu. A tattauna kuma a kan wannan: idan yau da dare aka aiko saƙo da lambar shugabanmu ana neman kuɗi da gaggawa, wa za mu kira mu tabbatar, da wace lamba? Magatakarda ya rubuta amsar da aka tsayar a littafin taro, tare da ranar da ma'aji zai riƙa sabunta wayarsa da sunan ɗan kwamitin da zai tsaya kusa da shi ranar biyan kuɗi.